Kafar Kulorayid da Annobar Kwalara a Kano: Waiwaye Kan Tarihin Wani Bincike

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda masana suka gano wata 'yar kafa da ke jikin tantanin ƙwayoyin halittar ɗan'adam, wadda sinadarin kulorayid ke bi ya shiga ko ya fita, sa'an nan ta nuna dangantakar wannan kafa da cutar da Bahaushe ya sani da sunan amai da gudawa, watau kwalara. Mun zaɓi mu ɗaura bayaninmu a kan Kano, musamman unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, saboda a nan ne ilimin da matsalar suke maƙwabtaka. A gefen titin Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a shekara ta 1988, inda ake koya wa ɗalibai aikin likita, ake kuma auna gishirin da ke cikin jinin majinyata. A lungunan da ke kewaye da shi kuwa, kamar sauran unguwannin birnin, gidaje da yawa sun dogara ga 'yan garuwa da ke turo kurar jarkoki ƙofa-ƙofa.

Za mu fara da bayanin ita kanta kafar, mu koma ga tarihin cutar da zuwanta ƙasar nan, mu duba yadda aka gano sifar kafar da danginta, sa'an nan mu ƙare da abin da wannan tarihi ya koya mana. Hujjar da muke son kafawa ita ce, an sami maganin da ke ceton rai tun shekaru ashirin kafin a san sunan kafar da cutar ke buɗewa, kuma bayan an san kafar ciki da bai, yawan mutuwa a Kano ya ci gaba da dogara ga ruwan sha da saurin ba majinyaci magani.

2.0 Ganuwa da Ƙofofinta

Gishirin da muke zubawa a miya, ko na Bilma ne da ayarin raƙuma suka daɗe suna kawowa kasuwar Kurmi, ko na kanti, haɗin abubuwa biyu ne, sodiyom da kulorayid. In ya narke a ruwa sai su rabu, sodiyom ya ɗauki cajin lantarki mai kyau, kulorayid ya ɗauki kishiyarsa. A cikin jinin mutum mai lafiya kulorayid yakan kai kimanin milimol 100 a kowace lita, a cikin yawancin ƙwayoyin halitta kuwa bai kai haka ba ko kusa.

Abin da ya raba ciki da waje shi ne wani tantani na maiƙo wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari biyu na milimita ba. Duk da rashin kaurinsa, abu mai caji ba ya iya ratsa shi, kamar yadda ruwa da mai ba sa gauraya. Mutumin Kano ba zai sha wuyar fahimtar wannan tsari ba, domin tantanin ganuwa ce, kafofin kuwa su ne ƙofofin gari. Kowace kafa furotin ce da aka dasa a jikin ganuwar, tana da rami a tsakiya, tana da matacin da ke zaɓen wanda zai wuce, tana kuma da ƙyaure mai buɗewa da rufewa bisa umarni, kamar yadda sarkin ƙofa yake rufe ƙofarsa da almuru a zamanin da.

Muhimmancin kafar kulorayid ya fito ne daga wata ƙa'ida guda: inda gishiri ya tafi, ruwa yakan bi. A kowace rana lita takwas zuwa tara ta ruwa ke shiga hanjin baligi, in aka haɗa abin da ya sha da yawu da ruwan ciki da na matsarmama, amma hanji yakan mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita tare da bayan gida bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Wasu ƙwayoyin hanji suna tsotse gishiri, wasu kuma da ke can cikin kwarin bangon hanji suna fitar da kulorayid ta kafarsu, sodiyom ya bi shi, ruwa ya biyo bayansu. Lafiya ta dogara ga daidaituwar waɗannan ayyuka biyu.

3.0 Cutar Kafin a San Kafar

A shekara ta 1831, lokacin da kwalara ta shiga Ingila, wani matashin likita, William O'Shaughnessy, ya auna jinin majinyata ya tarar sun rasa ruwa da gishiri mai yawa. A shekara mai bi, 1832, Thomas Latta na garin Leith a Sikotilan ya ɗura wa majinyata ruwan gishiri ta jijiya, wasu da aka fid da rai da su suka farfaɗo. Amma da yake a lokacin ba a san tsabtace kayan aiki daga ƙwayoyin cuta ba, kuma da yawa sun koma sun mutu, sai aka yi watsi da hanyar shekaru masu yawa.

Shekara ta 1854 ta zo da abubuwa biyu. A Landan, John Snow ya bi sawun mamatan unguwar Soho gida-gida har ya nuna cewa famfo guda na titin Broad ne tushen annobar. A Italiya, Filippo Pacini ya ga ƙwayar cutar mai kama da waƙafi a hanjin mamata. Robert Koch ya sake gano ta a Masar da Kalkata a 1883 da 1884. A shekara ta 1905 kuma, a wurin killace alhazai na El Tor da ke Sina'i, aka ware wani nau'in ƙwayar daga jikin wasu alhazai da ke dawowa daga Makka, aka sa masa sunan wurin. Wannan nau'i ne ya iso mu bayan shekaru sittin da biyar.

Duk da haka an daɗe ba a san yadda ƙwayar ke kisa ba, domin ba ta shiga jini, ba ta kuma huda hanji. A shekara ta 1959 Sambhu Nath De na Kalkata ya warware wannan ƙulli. Ya tace ruwan da aka raini ƙwayar a ciki har babu ƙwaya ko ɗaya, ya zuba shi a wani yanki na hanjin zomo da ya ɗaure bakinsa biyu, sai yankin ya kumbura da ruwa. Ashe dafi ne ƙwayar ke fitarwa. Richard Finkelstein da abokin aikinsa suka tace dafin tsantsa a 1969, kuma a farkon shekarun 1970 Michael Field da abokansa suka nuna cewa dafin yana ƙara yawan wani ɗan aike na cikin ƙwayar halitta da ake kira cAMP, shi kuma yana sa hanji ya yi ta fitar da kulorayid. An san ke nan akwai ƙofar da ake buɗewa, amma ba wanda ya san wace ce.

4.0 Ɗaya Ƙofar da Dafin Bai Taɓa Ba

Ana cikin wannan ne wani reshen bincike ya haifi magani. A shekara ta 1960, a wani taro a birnin Farag, Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana shigar da sukarin gulukos ne tare da sodiyom ta hanya guda, ɗaya ba ya wucewa sai da ɗaya. Daga baya aka tabbatar cewa dafin kwalara ba ya lalata wannan hanya. Saboda haka in aka ba majinyaci ruwa mai gishiri da sukari daidai gwargwado, sodiyom zai shiga ta wannan ƙofa, kulorayid da ruwa su bi shi, ko da ɗaya ƙofar tana buɗe tana zubarwa.

David Nalin da Richard Cash sun gwada wannan a Daka a shekara ta 1968, ya rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da kimanin kashi tamanin cikin ɗari. Babban gwaji ya zo a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladash, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ruwan ledar jijiya ya ƙare wa Dilip Mahalanabis, sai ya haɗa gishiri da sukari a ganguna ya sa 'yan'uwan majinyata su riƙa ba su. Mutuwa ta sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa kashi 3.6.

5.0 Isowar Annobar Ƙasar Hausa

Annobar duniya ta bakwai, ta nau'in El Tor, ta faro daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a shekara ta 1961. Ta sauka Gini a watan Agusta na 1970, daga nan ta bi hanya biyu, ɗaya ta gaɓar teku, ɗaya ta kogin Kwara ta Mali da Nijar har yankin tafkin Cadi. An ga masu cutar na farko a Nijeriya kusa da Legas a watan Disamba na 1970, kuma a 1971 an lissafa mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. Abin lura a nan shi ne, a shekarar da ake ceton mutane a Bangaon da ruwan gishiri da sukari, a nan fiye da mutum ɗaya cikin takwas na waɗanda aka lissafa ne suka mutu.

Sai a tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka baza wannan magani a ƙasa baki ɗaya. Yawancinmu mun tuna yadda ake koya wa iyaye mata a gidajen rediyo da asibitocin sha-ka-tafi: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, goma na sukari, a cikin tafasasshen ruwa cikin kwalbar lemo biyu. Amma annobar ba ta kau ba. A 1991 Nijeriya ta lissafa mutum 59,478 da suka kamu, da mamata 7,654.

Game da Kano muna da bincike guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Daga Disamba 1995 zuwa Mayu 1996 an ba da rahoton mutum 5,600 da suka kamu a jihar, 340 suka rasu. A daidai lokacin kuma sanƙarau yana ta ɓarna. Yvan Hutin da abokan aikinsa suka kwatanta masu kwalara da aka kwantar a Asibitin Zana da masu sanƙarau da ke kwance a asibitin, suna tambayar kowa irin ruwan da yake sha da yadda yake wanke hannu. Sakamakon da suka buga a 2003 ya nuna cewa shan ruwan da ake sayarwa a titi ya ninka haɗarin kamuwa kimanin sau uku, shan ruwan famfo a gida da wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa sun rage shi ƙwarai. Abin da Snow ya gani a Soho ke nan, bayan shekara 142.

Wannan sakamako ya shafi unguwannin da muke magana a kansu kai tsaye. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa da Hotoro duk a wajen ganuwa suke, kuma sun cika sun batse ne bayan Kano ta zama babban birnin jiha a 1967. Matatar ruwa ta Calawa tun farkon shekarun 1930 take, an kuma ƙara ta Tamburawa daga baya, amma yawan jama'a ya riga bututu gudu. Ɗan garuwa cike gurbi yake yi, kuma ba don shi ba da gidaje da yawa sun kwana ba ruwa. Haɗarin yana cikin rijiyar da aka haƙa kusa da masai, da jarkar da ba a wankewa, da randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki, musamman da damina in magudanai suka cika suka yi ambaliya.

6.0 Gano Kafar da Sifarta

Abin mamaki, ba ta hanyar kwalara aka gano kafar ba. Akwai wata cutar gado da ta fi yawa a tsakanin Turawan arewacin Turai, inda kimanin mutum ɗaya cikin ashirin da biyar ke ɗauke da irinta, wadda ke sa majina ta yi kauri ta toshe huhu. A 1953 Paul di Sant'Agnese ya nuna cewa gumin yaran da ke da ita gishiri ya yi masa yawa. A 1983 Paul Quinton, wanda shi kansa yana da cutar, ya nuna cewa kulorayid ne ya kasa ratsa bangon magudanar gumi. Kayan aikin auna irin wannan sun samu ne tun 1976, lokacin da Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka ƙirƙiro hanyar manna bakin siririn gilashi a jikin tantani a saurari buɗewa da rufewar kafa guda ɗaya tak, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1991.

A shekara ta 1989 Lap-Chee Tsui da John Riordan na Toronto, tare da Francis Collins na Amurka, suka gano ƙwayar gadon a kan kuromosom na 7, suka sa wa furotin ɗin suna CFTR. Sarƙa ce mai ɗauke da amino asid 1,480, ta kasu kashi biyar. Kashi biyu suna cikin tantani, kowanne da sanduna shida masu murɗe, su ne suka haɗu suka yi ramin. Kashi biyu suna rataye a cikin ƙwayar halitta, su ne ke kama ATP, watau makamashin ƙwayar. Na biyar shi ne sakata, wadda ke hana biyun can haɗuwa. In aka maƙala wa sakatar fosfet sai ta kauce, ɓangarorin biyu su kama ATP su manne, ramin ya buɗe. Jue Chen da abokan aikinta a New York sun ɗauki hoton wannan sifa da na'urar hangen lantarki mai daskarar da samfur a 2016 da 2017.

Da wannan ne labarin kwalara ya cika. Dafin yana da ɓangare biyar da ke kama fuskar ƙwayar hanji, da ɓangare ɗaya mai ɓarna. Ƙwayar da kanta take haɗiye shi a cikin 'yar jaka, ta kai shi can ciki, inda ɓangaren mai ɓarna ke kuɓucewa ya maƙale wa furotin ɗin da ke kunna injin yin cAMP, ya hana shi kashewa. An gano wannan mataki a 1978. Daga nan cAMP ya yi yawa, sakatar CFTR ta kauce ta ƙi komawa, kulorayid ya yi ta kwarara, har baligi ya iya zubar da lita guda a sa'a ɗaya. A 1994 Sherif Gabriel da abokansa suka nuna cewa ɓerayen da ba su da CFTR ba sa zubar da ruwa in an ba su dafin. Kafa ɗaya ce ke nan, a wata cutar ta ƙi buɗewa, a wata kuma ta ƙi rufewa.

7.0 Dangin da Ke Cikin Ƙwayar Halitta

CFTR ba ita kaɗai ba ce. A farkon shekarun 1980 Christopher Miller ya nazarci wata kafar kulorayid daga wani kifin teku mai lantarki, wanda aikinsa ya yi kama da na minjiryar kogunanmu, ya ce lalle tana da rami biyu kamar bindiga mai baki biyu. Thomas Jentsch ya gano ƙwayar gadonta a 1990, aka sa wa dangin suna ClC, kuma ɗan'adam yana da tara daga cikinsu. A 2002 Raimund Dutzler da Roderick MacKinnon suka fito da sifar, ta gaskata Miller: furotin biyu ne a manne, kowanne da raminsa, kuma amino asid guda, gulutamet, shi ne ke toshe bakin ramin kamar ƙyaure.

A 2004 Alessio Accardi da Miller suka nuna cewa wasu 'yan wannan dangi musaya suke yi, kulorayid biyu su wuce, haidurojin ɗaya ya koma. Biyar daga cikin taran, ClC-3 zuwa ClC-7, irin waɗannan ne, kuma mazauninsu shi ne tantanin 'yan jakunkunan da ke cikin ƙwayar halitta, inda suke taimakawa wajen daidaita tsamin da ake buƙata don narkar da abin da ƙwayar ta haɗiye. In ClC-5 ta lalace ƙoda takan zubar da furotin ta yi tsakuwa, an gano haka a 1996. In ClC-7 ce, ƙwayoyin da ke rushe tsohon ƙashi sukan kasa aikinsu, ƙashi ya yi tauri amma ya riƙa karyewa, an gano wannan a 2001. Akwai kuma dangin CLIC, shida a jikin ɗan'adam, waɗanda sifarsu da aka fitar a 2001 ta nuna suna iya zama a narke a cikin ruwan ƙwayar, sa'an nan su canja kama su shiga tantani.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abubuwa uku. Na farko, sanin sifar kafa yana da amfani na zahiri. Daga 2012 an sami magunguna masu buɗe CFTR ga masu cutar gadon nan, haɗin da aka amince da shi a 2019 kuma ya sauya rayuwar yawancinsu. An kuma ƙirƙiro sinadarai masu toshe kafar tun 2002, amma babu wanda ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari a jinyar kwalara.

Na biyu, maganin da ke hannunmu ya wadatar in an ba da shi da wuri. Ƙunshin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2002 ya ƙunshi giram 2.6 na gishiri, da 13.5 na gulukos, da 1.5 na fotasiyom kulorayid, da 2.9 na sitiret, a narka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kwalara mai tsanani takan kashe kusan rabin waɗanda ba a yi wa magani ba, da magani kuwa mutuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma a 2021 Nijeriya ta lissafa mutum 111,062 da ake zaton sun kamu, da mamata 3,604, watau fiye da kashi uku cikin ɗari, kuma Kano na cikin jihohi huɗu da abin ya fi shafa, tare da Bauci da Jigawa da Zamfara. Tazarar da ke tsakanin kashi ɗaya da kashi uku ta jinkiri ce, ta nisan asibiti, da ta rashin ƙunshin magani a gida a daren da gudawa ta fara.

Na uku ya shafe mu malamai. Uwar da ta ga ɗanta yana zubar da ruwa, hankalinta yakan ce ta daina ba shi ruwa don kada ta ƙara masa. Umarni kaɗai ba ya kawar da wannan tunani, sai an ba ta dalili, dalilin kuwa shi ne labarin ƙofofi biyu da muka kawo, wanda Hausa ke iya ɗauka ba tare da ta yi nishi ba. Saboda haka muna ba da shawara masu nazarin harshe da malaman kimiyyar lafiya na Jami'ar Bayero su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni, a kuma sake irin binciken 1996 a mazaɓun Tarauni, a haɗa da ƙungiyoyin 'yan garuwa da masu unguwanni, domin a san rijiyoyi da burtsatsen da ake ɗibar ruwa, a riƙa zuba musu sinadarin kulorin kafin kowace damina. Muna fata mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka kuskure, musamman a kan kalmomin da muka zaɓa.